Shata Hanya a Cikin Kwamfuta Kafin a Zuba Kwalta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo a mota, a kan hanyar Jos zuwa Akwanga, ya san yadda hira takan ɗauke. Direba ya sa ƙaramin giya, fasinjoji su yi tsit, kowa ya zuba ido ga kwanar da ke gaba. Kwanar nan kuwa ba ita ta yi kanta ba. Wani mutum ne ya zauna da taswira da fensir, ya yanke shawarar inda hanya za ta lanƙwasa da inda za ta miƙe. In mai shata hanya ya yi daidai, dubban mutane za su wuce lafiya ba tare da sun ko san sunansa ba. In ya kuskure, kuskuren zai zauna a kwalta shekara da shekaru yana cin rayuka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara.

Saboda haka masana suka nemi dabarar gwada hanya tun ba a gina ta ba. Sukan siffanta ƙasa a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, da tuddanta da kwarurukanta da rafukanta, su shata hanyoyi a kanta, sa'an nan su sa motocin kwaikwayo su bi. Da wannan dabara ake gina garuruwan da muke gani a wasannin kwamfuta, da ita ake koya wa direbobi tuƙi, da ita kuma injiniyoyi suke auna sabuwar hanya. A wannan ɗan rubutu za mu bi aikin daki-daki, mu ga abin da kwamfuta take yi, mu kuma ga abin da ba ta iya yi sai mutum ya yi mata.

Mai da ƙasa lambobi

Kwamfuta ba ta da ido. Ba ta san tudu ba, ba ta san kwari ba, lamba kaɗai ta sani. Don haka aikin farko shi ne a mai da ƙasa lambobi. Ka ɗauki takarda mai gida-gida irin wadda muke zane a kai a ajin lissafi, ka shimfiɗa ta a kan taswirar ƙauyenku. A cikin kowane gida ka rubuta tsayin wannan wuri sama da teku. Alal misali, in a Jos kake, lambobinka za su kewaya mita 1,200, in kuwa a Kano ne ba za su kai 500 ba. Inda lambobin gidaje maƙwabta suka zo kusan ɗaya, fili ne. Inda suka bambanta ƙwarai, akwai hawa ko gangara. Kwamfuta sai ta haɗa ɗigogin uku-uku ta yi ƙananan alwatika, ta shafa masu launin ciyawa ko na dutse ko na yashi, sai ka ga ƙasa ta bayyana a kan allo kamar ka taka.

Ina ake samun lambobin nan? A dā safiyo ne yake yawo da ƙafa, da ma'auni da sanda, yana auna wuri ɗaya-ɗaya. A watan Fabrairu na shekarar 2000, kumbon Amurka mai suna Endeavour ya yi kwana 11 yana kewaya duniya ɗauke da na'urar rada, da wata sanda mai tsawon mita 60 a miƙe daga jikinsa. Ya auna tsayin kusan kashi 80 cikin 100 na busasshiyar ƙasar duniya, har da Nijeriya da Nijar baki ɗaya. Da farko an saki awon mai gida ɗaya a kowace mita 90, daga shekarar 2014 kuma aka fara sakin mai gida ɗaya a kowace mita 30, kyauta ga kowa. Lissafa ka gani: fili mai tsawon kilomita 30 da faɗin kilomita 30 zai ba ka gida 1,000 sau 1,000, watau lamba miliyan ɗaya. Wannan ya fi ƙarfin fensir, amma ga kwamfuta aikin ƙiftawar ido ne.

Akwai kuma ƙasar da ba ta wanzu a ko'ina, wadda kwamfuta take ƙagowa. A shekarar 1980 wani ma'aikacin kamfanin jiragen sama na Boeing, Loren Carpenter, ya nuna wani gajeren fim na duwatsun da ba a taɓa gani ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki babban alwatika ya raba shi ƙanana, ya ɗan ɗaga wasu kusurwoyi ya sauke wasu, ya sake raba ƙananan, haka haka har tsauni ya fito da tsaguwarsa. Ko ƙasar ta gaske ce ko ƙagaggiya, ga mai shata hanya duk ɗaya ne, tarin lambobi ne a gabansa.

Yadda kwamfuta take zaɓen inda hanya za ta bi

Yanzu ga ƙasa a allo, ga gari a gabas, ga wani a yamma. Ta ina hanya za ta bi? Miƙaƙƙen layi shi ne mafi gajarta, amma zai iya faɗawa kogi ko ya yi karo da dutse. Dabarar ita ce a sa wa kowane taku farashi. Taku daga wannan gida zuwa na kusa da shi a kan fili yana da araha. Taku a kan hawa yana da tsada, ƙetare ruwa ya fi tsada domin sai an yi gada, huda dutse kuma ya fi duka. Aikin kwamfuta shi ne ta nemo jerin takun da jimillar farashinsu ta fi ƙanƙanta.

Wanda ya gano yadda ake wannan lissafi wani ɗan ƙasar Holan ne, Edsger Dijkstra. A shekarar 1956 yana zaune a wani gidan shan gahawa a birnin Amsterdam, yana tunanin hanya mafi gajarta daga Rotterdam zuwa Groningen, sai dabarar ta zo masa cikin kimanin minti 20, ba takarda ba alƙalami. An buga ta a shekarar 1959. Za ka gane ta in ka tuna da wutar daji a lokacin rani. Wuta takan tashi daga wuri guda ta bazu ko'ina, tana gudu inda ciyawa ta bushe, tana jan jiki inda ƙasa take da danshi. Haka lissafin yake bazuwa daga garin farko, yana sauri a gidaje masu araha, yana jinkiri a masu tsada, kowane gida kuma yana riƙe da sunan gidan da wutar ta iso masa daga ciki. Sa'ad da wutar ta taɓa gari na biyu, sai a bi sawunta da baya-baya. Wannan sawu shi ne hanya mafi araha.

A shekarar 1968 wasu masana uku a Kalifoniya, Peter Hart da Nils Nilsson da Bertram Raphael, suka ƙara wa dabarar gishiri sa'ad da suke neman yadda wani mutum-mutumi mai suna Shakey zai zaga ɗaki. Suka sa kwamfuta ta riƙa ƙiyasta sauran nisan da ya rage, kamar matafiyin da ya hango tankin ruwan gari daga nesa, ba zai ɓata lokaci yana laluben hanyoyin da suka ba garin baya ba. Da wannan aikin ya ƙara sauri ƙwarai.

Amma akwai wata matsala. A kan takarda mai gida-gida, kowane gida yana da maƙwabta takwas kawai, saboda haka hanyar takan fito da karye-karye kamar haƙoran zarto. A shekarar 2010 Eric Galin da abokan aikinsa a birnin Lyon na Faransa suka nuna maganin wannan. Suka bar kwamfuta ta riƙa tsallaka zuwa gidaje masu ɗan nisa ta fuskoki da yawa, suka sa wa kwana mai kaifi farashi, suka kuma ɗauki gada da hanyar cikin dutse a matsayin dogon tsalle guda mai tsada. Da haka kwamfuta da kanta take yanke ko a zaga kwari ko a ɗora masa gada.

Wani ɗan misali

Bari mu gwada da namu lissafin. A ce akwai ƙauyuka biyu da tudu a tsakaninsu. Mu sa farashin kilomita ɗaya a kan fili ya zama maki 1, kilomita ɗaya a kan hawa maki 5, gada kuma maki 3.

Hanya ta farko ta haura tudun kai tsaye. Tsawonta kilomita 4, biyu a fili, biyu a hawa. Farashinta 2 a tara da 10, watau 12.

Hanya ta biyu ta zaga ta gindin tudun. Tsawonta kilomita 7, duk a fili, amma ta ƙetare rafi sau ɗaya. Farashinta 7 a tara da 3, watau 10.

Kwamfuta za ta zaɓi ta biyu, ko da yake ta fi tsawo. Hausawa dama sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. To amma a ce hanyar ta biyun nan ta ratsa fadamar da mutanen ƙauyen suke noman rani, inda suke samun tumatir da albasar da suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. In mai aikin ya sa wa fadamar maki 4, farashin hanya ta biyu ya koma 14, sai kwamfuta ta juya ta zaɓi tudu. In kuwa bai sa mata kome ba, katafila za ta bi ta kan albasa, kwamfuta kuma ta ce an yi daidai. Mai karatu, riƙe wannan misali, za mu komo kansa.

Hawa da gangara

Mutum yana iya hawan tudun da jaki ba zai hau da kaya ba, jaki kuma yana hawan wanda tirela ba za ta hau ba. Injiniyoyi suna auna tsananin hawa da kashi cikin 100. In hanya ta ɗaga mita 6 a cikin tafiyar mita 100, an ce hawanta kashi 6 ne. A manyan hanyoyi akan yi ƙoƙari kada a wuce kimanin wannan, gama babbar mota mai kaya takan rasa ƙarfi a hawa, a gangara kuma birkinta yakan yi zafi har ya ƙi kamawa.

A ce ana so a hau tudu mai tsayin mita 300, nisan gindinsa zuwa ƙwanƙolinsa kuma kilomita 2 ne. In aka miƙe, hawan zai zama kashi 15, ya yi yawa. Domin a tsaya a kashi 6, dole tsawon hanyar ya kai kilomita 5. Ina za a sa ƙarin kilomita ukun? Sai a naɗe hanyar a jikin tudun, ta yi dama ta komo hagu kamar tafiyar maciji. Shi ya sa hanyar Stelvio a tsaunukan arewacin Italiya, wadda aka gina tsakanin 1820 da 1825, take da kwana 48 a gefe guda kafin ta kai tsayin mita 2,757. Abin sha'awa shi ne, in ka gaya wa kwamfuta iyakar hawan da aka yarda, ita ma za ta fito da irin wannan naɗi ba tare da ka koya mata shi ba.

Bayan an sami layin, sai a gyara ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Inda tudu ya fi hanya tsayi a yanke, inda kwari ya faɗa a yi ciko. Kwamfuta takan lissafa yawan ƙasar da za a yanka da wadda za a cika, ta yi ta ɗaga layin tana sauke shi har biyun su zo kusan daidai, domin ƙasar da aka kwasa daga nan a zuba ta can, tifa ba ta yi doguwar jigila ba. Akan kuma ɗan ɗaga tsakiyar hanya da kimanin kashi 2 domin ruwan sama ya zurare gefe. Da lambobin tsayin ƙasa, kwamfuta tana iya bin inda ruwa zai gangara daga gida zuwa gida, ta nuna wurin da zai taru ya nemi ƙetare hanya. Nan ne ake sa kwalbati. Duk wanda ya ga yadda damina ɗaya take cinye hanyar da ba ta da magudana ya san muhimmancin wannan.

Sirrin kwana

Sa'ad da mota ta shiga kwana, fasinja yakan ji kamar ana tura shi waje. Ƙarfin turin nan yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. In ka ninka gudu sau biyu, turin ya ninka sau huɗu. Don haka kwanar da aka yi wa mota mai gudun kilomita 50 a awa tana buƙatar da'ira mai nisan kusan mita 80 daga tsakiya zuwa baki, amma ta mai gudun kilomita 100 tana buƙatar kusan mita 400. Akan kuma ɗaga gefen waje na kwanar domin hanya ta tallafi motar.

Akwai wani abu kuma da ido ba ya lura da shi. In aka haɗa miƙaƙƙiyar hanya da yankin da'ira kai tsaye, dole direba ya murɗa sitiyari farat ɗaya daidai inda suka haɗu, abin da ba ya yiwuwa cikin gudu. Saboda haka akan sa wata lanƙwasa a tsakani, wadda take farawa kusan a miƙe tana ƙara matsewa a hankali, daidai da yadda hannu yake juya sitiyari sannu-sannu. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya bayyana wannan lanƙwasa a shekarar 1744, tun babu mota babu jirgin ƙasa. A shekarar 1890 wani injiniyan Amurka, Arthur Talbot, ya fito da ita domin shimfiɗa layin dogo. A tsarin rubuta hanyoyi na OpenDRIVE, wanda kamfanonin mota suke amfani da shi a na'urorin kwaikwayon tuƙi, ana bayyana layin hanya ne musamman da abubuwan nan uku: miƙaƙƙen layi, yankin da'ira, da lanƙwasar Euler.

Masu wasannin kwamfuta kuwa sun fi amfani da wata lanƙwasa mai sauƙin sarrafawa, wadda take ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa. Ya yi amfani da ita a shekarun 1960 wajen zana jikin mota. Kana jan ɗigo biyu ko uku a allo, layin yana lanƙwasa ya bi su kamar ɗanyar tsumagiya.

Abu na ƙarshe shi ne hangen gaba. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Injiniyoyi sukan ba direba daƙiƙa biyu da rabi kafin ya gane hatsari ya taka birki, a cikinsu motar ta riga ta ci kusan mita 70, kafin ta tsaya cak kuma jimillar ta kai kimanin mita 185. A ƙasar kwaikwayo ana iya sa ido a daidai kujerar direba, a bi hanyar mita-mita ana tambaya: daga nan, ana hango mita 185? In ƙwanƙolin tudu ko gefen dutse ya tare, kwamfuta ta sa jar alama a wurin.

Daga hanya ɗaya zuwa gari sukutum

Shata hanya ɗaya daban, shata titunan birni duka daban. Mai yin fim ko wasan kwamfuta yana iya buƙatar tituna dubu, ba zai zana su ɗaya-ɗaya ba. A shekarar 2001 wasu masana biyu a birnin Zurich na Suwizalan, Yoav Parish da Pascal Müller, suka kawo dabarar da ta ba mutane mamaki. Sun aro ta ne daga wani masanin tsirrai ɗan asalin Hangari, Aristid Lindenmayer, wanda a shekarar 1968 ya rubuta ƙa'idodin yadda tsiro yake girma yana yin rassa. Suka ce titi ma haka yake girma. Babbar hanya takan miƙa kai zuwa inda jama'a suka fi yawa, ƙananan tituna su tsiro daga jikinta. Kowane sabon yanki, kafin a amince da shi, sai an duba shi. In ya faɗa ruwa a gajarta shi ko a karkata shi. In ya zo kusa da wata mararraba a liƙa shi a jikinta. In ya gitta wani titi a yi sabuwar mahaɗa.

Ta canza ƙa'ida kaɗan ake samun gari iri dabam. Wata ƙa'ida tana ba da tituna a jere kamar gidajen dara, irin na New York. Wata tana ba da tituna masu fita daga tsakiya kamar ƙafafun keke, irin na Paris. Wanda ya san Kano zai gane bambancin in ya kwatanta miƙaƙƙun layukan Sabon Gari da lungunan cikin birni. Daga wannan aiki aka yi manhajar CityEngine, wadda ta fito kasuwa a 2008.

In kuwa gari na gaske ake so, akan ɗauko titunan daga taswira. Ɗaya daga cikin manyan rumbuna shi ne OpenStreetMap, wanda Steve Coast ya kafa a Ingila a shekarar 2004. Masu aikin sa kai ne suke zana shi, kowa kuma yana iya ƙara titin unguwarsu.

Amfanin hanyoyin kwaikwayo

Na farko, horo da bincike. A shekarar 1985 kamfanin Daimler-Benz ya buɗe na'urar kwaikwayon tuƙi a birnin Berlin. A shekarar 2001 kuma aka buɗe wata babba a Jami'ar Iowa ta Amurka. Akan sa mota sukutum a cikin wani ƙoƙon ɗaki, a haska hanya a bangonsa ta kowane gefe, ɗakin kuma yana motsi yana karkata har direba ya ji kamar yana kan kwalta. A nan ana iya gwada abin da gyangyaɗi ko giya ko danna waya suke yi wa direba, ya yi karo sau goma ya fito ko ƙwarzane babu.

Na biyu, motoci masu tuƙa kansu. A shekarar 2017 an ba da labari cewa kamfanin Waymo yana da motocin kwaikwayo 25,000 da suke cin mil miliyan 8 a kowace rana a cikin kwamfuta, suna maimaita mararrabu masu wuya sau dubbai.

Na uku, tsara zirga-zirgar birni. A nan ne kwaikwayo yake nuna abin da hankali ba ya zata. A shekarar 1968 wani Bajamushe masanin lissafi, Dietrich Braess, ya nuna cewa ƙara sabuwar hanya yana iya ƙara cunkoso. Dalili kuwa, kowane direba yana neman abin da ya fi masa sauri, sai duka su tuɗaɗa kan sabon yanken, su toshe hanyoyin da suke kaiwa gare shi, kowa ya makara fiye da dā. Ba kullum haka take faruwa ba, amma tana faruwa. Gara a gano ta a allo da a gano ta bayan an kashe kuɗin jama'a.

Abin da kwamfuta ba ta sani ba

Yanzu mu koma ga fadamar nan ta misalinmu. Kwamfuta tana iya nemo hanya mafi araha cikin miliyoyi, amma ba ita take yanke abin da yake da tsada ba. Mutum ne yake rubuta farashin. Radar kumbo ba ta ga maƙabarta ba, ba ta ga burtalin shanu ba, ba ta san ƙwaryar hanyar da yara suke bi zuwa makaranta ba. Awonta ma yakan sauka a kan rassan itatuwa da rufin gidaje, sai kurmi ya fito kamar tudu. Kwazazzabo mai faɗin mita 10 kuma yana iya ɓacewa a cikin gida mai faɗin mita 30. Ƙauyen da ba a sa a taswira ba, a wurin kwamfuta daji ne. Abin da ba a gaya mata ba, farashinsa sifiri ne a lissafinta.

Haka yake ga masu bin hanyar. A watan Maris na 2018, a garin Tempe na jihar Arizona a Amurka, wata motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata da take ƙetare titi da dare tana tura keke, ta mutu. Hukumar binciken hatsarin sufuri ta ƙasar ta gano cewa na'urorin motar sun hango ta fiye da daƙiƙa 5 kafin karon, amma ba a tsara su da tunanin mai tafiya a ƙasa zai ƙetare inda babu alamar ƙetarawa ba. Wadda aka ajiye a kujerar direba domin ta sa ido kuma hankalinta yana kan waya. To, in haka ta faru a titin da kowa yake bin layinsa, yaya za a yi da tsarin da aka kawo titunanmu, inda babur da Keke Napep da amalanke da garken shanu da masu talla suke raba kwalta ɗaya? Kwaikwayon da bai san su ba zai ba da amsa mai kyan gani, amma ta wata ƙasa ce.

Saboda haka injiniyan kirki ba ya tsayawa ga allo. Yakan sa takalmi ya taka layin da kwamfuta ta shata, ya zauna da dattawan gari ya tambaye su inda ruwa ya kai a shekarar babbar ambaliya, da ranar da kasuwa take ci har ta malalo kan hanya. Sa'an nan ya komo ya gyara lambobinsa.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa cikinmu mukan tambaya a aji, wai ina amfanin kusurwa da alwatika da layukan tsayi na taswira? Ga amsa guda. Darasin labarin ƙasa shi ne yake ba da tuddan, lissafi yake ba da lanƙwasar, kimiyyar fiziks take faɗin inda mota za ta tsaya. Ba sai kana da kwamfuta za ka fara ba. Ɗauki takarda mai gida-gida, ka zana harabar makaranta daga ƙofa zuwa filin wasa, ka sa wa kowane gida maki gwargwadon duwatsu da taɓo da lambun da ke ciki, ka nemo hanya mafi araha. Sa'an nan ka fita ka dubi sawun da ƙafafun ɗalibai suka riga suka yi a cikin ciyawa. In taka ta saɓa da tasu, akwai abin da ka manta ka sa wa farashi. Je ka nemo shi.

Ga iyaye da malamai kuma, in aka zo shata hanya a yankinku aka kira taro, kada ku ce na masu ilimi ne. Abin da kuka sani game da ƙasarku ba ya cikin kwamfuta sai kun faɗa. Tun ran gini ake zane, kuma gyara a kan allo ya fi gyara a kan kwalta sauƙi nesa ba kusa ba.